Kwatabak ne ke ɗaga ƙungiya, ko ƙungiya ce ke ɗaga kwatabak?

A watan Agustan 2008 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Detroit Lions ta buga wasannin share fage huɗu, ta cinye su duka. Da aka shiga kakar gaske a Satumba sai ta buga wasa 16, aka lallasa ta a 16 ɗin, abin da ba a taɓa gani ba tun da NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta koma buga wasa 16 a shekara. A 2017 Cleveland Browns ta bi sahu ba tare da ta rage komai ba: huɗu a share fage, ta ci huɗu; 16 a kakar gaske, ta sha kashi 16. Ita kuwa Baltimore Ravens sai da ta jera nasara 24 a wasannin share fage tsakanin 2016 da 2023, kuma a duk tsawon shekarun nan ko ƙofar Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, ba ta leƙa ba.

Duk mai bin wasan nan ya san waɗannan alƙaluma, amma ba su hana komai ba. Da zarar Yuli ta raba, ƙungiyoyi 32 sun shiga sansanin atisaye, gidajen rediyo da talabijin na Amurka sai su kaure da gardama iri ɗaya da ta bara. Wane ne gwanin kwatabak, wane ne ɗan cika benci? Wace ƙungiya ce gidanta ke da tarbiyya, wacce ce ta ruɓe tun daga sama? Wa zai ɗauki kofi a Fabrairu? Ana yin tambayoyin uku kamar kowacce zaman kanta take yi, alhali a ɗaure suke da juna, kuma wanda ya amsa ta farko ba tare da ya duba ta biyu ba, shi ne yawanci ke jin kunya a ta uku.

Ga wanda tamaula kawai ya sani, sai an ɗan yi shimfiɗa. A ƙwallon Amurka kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Masu kai hari suna da yunƙuri huɗu su ci gaba da yadi goma. In sun yi, a sabunta musu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci tacdawun, maki shida. Kusan kowane yunƙuri ta hannun mutum ɗaya yake bi, shi ne kwatabak. A cikin hular kwanonsa akwai 'yar rediyo da koci ke raɗa masa dabarar da za a yi. Agogo na ƙirga daƙiƙa 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri, in saura 15 sai a katse muryar kocin. Daga nan shi da Allahnsa. Zai dubi yadda 'yan tsaron abokan hamayya suka jeru, ya gane ko tarko ne, wani lokaci ya sauya dabarar baki ɗaya da ihu a cikin hayaniyar mutum dubu sittin ko saba'in. Ƙwallo na shiga hannunsa yana da daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ya zaɓi wanda zai jefa wa, kafin ƙarti masu nauyin kilo ɗari da ashirin ko fiye su iso kansa. Abin da ke tsakaninsa da su mutum biyar ne jibga-jibgai da ke tsaye a gabansa, waɗanda zan riƙa kira katanga.

A tamaula Messi na iya ɗaukar ƙwallo daga tsakiyar fili ya yanke mutum biyar ya zura ta a raga, ko abokan wasansa na barci. Kwatabak ba zai jefa wa kansa ƙwallo ya cafe ba, ba zai kuma tare masu zuwa kayar da shi ba. Shi ne ɗan wasan da ya fi kowa tasiri a fili, shi ne kuma wanda ya fi kowa dogaro da wasu. Duk rigimar daga nan ta samo asali.

Ko masu cin abinci da tantance 'yan wasa ba su iya gane gwani tun yana ɗanye. A zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wanda ake yi duk Afrilu zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ce ke fara ɗauka. A shekarar 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin New England Patriots ta kira sunan Tom Brady, wanda daga baya ya ɗauki Super Bowl bakwai. A 2017 Chicago Bears ta ɗauki Mitchell Trubisky a matsayi na biyu, ta bar Patrick Mahomes har na goma. A 2021 San Francisco 49ers ta sadaukar da zaɓenta na zagayen farko na shekaru masu zuwa don ta hau matsayi na uku ta ɗauki Trey Lance. Wanda ya kai ta Super Bowl kuwa Brock Purdy ne, mutum na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022. Akwai ma wani kuskuren da ba na lissafi ba ne, na son zuciya ne. Shekara da shekaru ana ganin baƙar fata bai dace da wannan matsayi ba. Warren Moon, da babu wanda ya zaɓe shi a 1978, sai da ya tafi Kanada ya ɗauki kofi biyar a jere kafin NFL ta waiwaye shi. Har a 2018 an samu manya a harkar da suka ce Lamar Jackson ya koma mai cafe ƙwallo, aka bar shi har na 32. Ya zama gwarzon gasar a 2019, ya sake a 2023.

Abin da ya faru a Cleveland

In ana son ganin yadda gida ke cinye ɗan wasa, Cleveland za a duba. Tun da ƙungiyar ta dawo gasa a 1999 ta gwada kwatabak sama da talatin. Akwai wata riga da ta yi suna a birnin, wadda aka riƙa liƙa sunayensu a bayanta, ana soke na baya a ƙara sabo, har jerin ya zarce gindin rigar. Zai yi wuya a ce mutum talatin duk ba su iya ba. Da yawansu taurari ne a jami'a.

A 2018, bayan kakar nan ta ba-ci-ko-ɗaya, suka ɗauki Baker Mayfield a matsayi na farko. Cikin shekara uku ya yi aiki ƙarƙashin manyan kociyoyi huɗu: Hue Jackson, Gregg Williams na riƙon ƙwarya, Freddie Kitchens, sai Kevin Stefanski. A wannan wasa sabon koci na nufin sabon kundin dabaru da sababbin kalmomin kiran su, wato yaro ya koma koyon baƙi da wasali kowace shekara. Duk da haka a kakar 2020 ya kai su ga nasara 11, suka je Pittsburgh a Janairun 2021 suka ci 48 da 37, nasararsu ta farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 1994. Shekarar da ta biyo ya ji ciwo a kafaɗar hagu tun mako na biyu, ya ɗaure ta ya ci gaba da buga wasa, wasan nasa ya lalace, ƙungiya ta ƙare da 8 da 9. Hukuncin da aka yanke masa a rediyo da ofishin ƙungiya ɗaya ne: ba shi ne ba.

Sai suka nemo Deshaun Watson daga Houston a Maris 2022. Suka ba da zaɓen zagayen farko na shekara uku, suka kuma sa hannu a kan dala miliyan 230 na shekara biyar, kowane sisi tabbatacce, ko ya buga ko bai buga ba. Kafin nan ba a taɓa ba ɗan wasa tabbacin kuɗi irin wannan ba a NFL. A lokacin mata fiye da ashirin sun shigar da ƙara suna zarginsa da cin zarafi. Ya musanta, ba a gurfanar da shi a kan laifi ba, an sasanta yawancin ƙararrakin a wajen kotu, gasar kuma ta dakatar da shi wasa 11. Cikin kaka uku wasa 19 kacal ya buga musu, agararsa ta tsinke a Oktoban 2024. Kakar da Cleveland ta ɗan ji daɗi a tsakanin nan, ta 2023, wani dattijo ne mai shekara 38, Joe Flacco, da aka ɗauko daga gida ya ƙarasa musu ita, kuma Houston ɗin da suka cika wa aljihu da zaɓe ce ta fitar da su da ci 45 da 14. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mayfield kuwa ya yi yawo. Carolina ta gwada shi ta sallame shi. Los Angeles Rams ta ɗauke shi ranar Talata a Disamban 2022, ranar Alhamis ya shiga fili bai ma gama haddace sunayen abokan wasansa ba, ya ja su yadi 98 a mintunan ƙarshe suka ci Raiders 17 da 16. Tampa Bay ta ba shi kwantiragin shekara ɗaya na kuɗi kaɗan a 2023, ya ɗauki rukuninsu, ya sake ɗauka a 2024 da tacdawun 41. Hannun nan dai shi ne, ƙwaƙwalwar ma ita ce.

Ba shi kaɗai ba ne. Sam Darnold, da New York Jets ta ɗauka na uku a wannan shekarar ta 2018, an taɓa jiyo shi ta makirufo a wani wasa da Patriots a 2019 yana cewa fatalwa yake gani a fili. An ci su 33 da nema, abokan karawa sun cafke masa ƙwallo huɗu da ya jefa, maganar ta bi shi shekaru ana yi masa dariya. A 2024 a Minnesota, ƙarƙashin koci Kevin O'Connell, ga Justin Jefferson na cafe masa ƙwallo, ya ci wasa 14 cikin 17. Amma a lura da yadda kakar ta ƙare: a wasan sili-ɗaya-ƙwale Rams suka fasa katangarsa suka kayar da shi sau tara. Masu cewa ya zama gwani da masu cewa har yanzu shi ne na da, kowa ya samu hujjarsa a kaka guda. Matthew Stafford ma shekara 12 ya yi a Detroit bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, ana ce masa mai tara alƙaluman banza. Shekararsa ta farko a Rams ya ɗauki kofi.

Daga nan mutum zai iya cewa ashe gida ne komai. Sai dai labarin Brady da kocinsa Bill Belichick ba zai bari a tsaya nan ba.

Shekara ashirin suka yi tare a New England, kofi shida. A duk tsawon lokacin ana koyar da "tsarin Patriots" har a tarukan 'yan kasuwa: kowa ya yi aikinsa, babu wanda ya fi ƙungiya, tauraron da ya nemi kuɗi da yawa a sallame shi tun kafin ya fara tsufa. Masu cewa Belichick ne ƙashin bayan abin suna da hujja mai ƙarfi. A 2008 Brady ya ji ciwo a gwiwa a wasan farko, Matt Cassel, wanda rabonsa da fara wasa a matsayin kwatabak tun yana sakandare, ya ci musu wasa 11. Kofin farko a Fabrairun 2002, yadi 145 kawai Brady ya jefa, 'yan tsaro ne suka danne Rams. Na ƙarshe a 2019 an tashi 13 da 3 bai jefa tacdawun ko ɗaya ba.

Sai aka raba gari a 2020. Brady, yana da shekara 43, ya koma Tampa Bay, ƙungiyar da rabonta da zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 2007, ya ɗauki kofi a shekarar farko. Belichick ya yi kaka huɗu ba shi: nasara 29, rashin nasara 38, ta ƙarshen 4 da 13, aka rabu a Janairun 2024. Tarbiyyar gidan ba ta canza ba, kocin shi ne, mai ƙungiyar shi ne. Tsananin da ake yabo a da, shi ne aka koma kira taurin kai. A ganina abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne, tsarin ya yi aiki ne saboda ɗan wasan da ya fi kowa daraja ya yarda a yi masa faɗa a gaban yara, ya kuma yarda ya karɓi albashin da bai kai na tsaransa ba don a sayo wasu. In Brady ya sunkuyar da kai, wane ne kai da za ka ɗaga naka? Da ya tafi, ya tafi da rabin tarbiyyar.

To ina aka kwana? Abin da na fahimta shi ne a kowane zamani akwai 'yan tsiraru, da wuya su wuce yatsun hannu ɗaya, da ke iya rufa wa ƙungiya asiri ko da tana da ɓaraka. Akwai kuma wasu a ƙasa da ko wane koci aka ba su ba za su yi ba. Mafi yawa suna tsakiya, kuma a kansu ake yin kusan duk ihun watan Agusta. Ɗan tsakiyan nan in ya samu katanga mai ƙarfi da koci mai tsara masa jifa mai sauƙi sai a ce gwani ne, in ya rasa su a ce a kore shi. Tambayar "ya iya ko bai iya ba" ba ta da amsa a kansa sai an haɗa da "a ina, kuma da su wa".

Su kansu 'yan tsirarun suna da iyaka. Mahomes ya ɗauki kofi uku kafin ya cika shekara 29, amma a Fabrairun 2021 ya shiga Super Bowl babu manyan 'yan gefen katangarsa biyu saboda rauni. Ya yini yana gudun ceton rai, yana jifa yana faɗuwa, aka ci su 31 da 9 ba su ci tacdawun ba. Ƙungiyarsa Kansas City ba ta ɓata lokaci ba, kafin kaka ta gaba ta sauya katangar gaba ɗaya. A Fabrairun 2025 Philadelphia ta sake yi masa irin wannan, ta kayar da shi sau shida, aka tashi 40 da 22. Ta ɗaya gefen kuma, Peyton Manning na Denver ya jefa tacdawun 55 a 2013 ya sha kashi 43 da 8 a wasan ƙarshe, sannan a 2015 da hannunsa ya mutu, tacdawun 9 aka cafke masa 17, 'yan tsaron Denver suka ɗauko masa kofi. Wanda ke auna kwatabak da yawan zoben kofi sai ya gaya mana wanne Manning ne ya fi iya wasa a cikin biyun.

Tarbiyyar gida: gaskiya ce ko kirari?

Rabi da rabi. Sau da yawa suna ne da ake raɗa wa nasara bayan ta zo. Koci mai barkwanci in yana ci a ce ya iya zama da yara, in ya fara faɗuwa a ce ya sake musu da yawa. Amma akwai ɓangaren da ake iya gani da ido, kuma daga ofishin mai ƙungiya yake farawa.

Dan Campbell ya karɓi Detroit a 2021 ya yi wata hira da 'yan jarida yana cewa yaransa za su ciji gwiwar abokan karawa, aka mai da shi abin dariya. Wasa 11 na farko bai ci ko ɗaya ba. Bayan wasa 24 yana da nasara huɗu. A wurare da yawa da tuni ya tattara kayansa. Mai ƙungiyar, Sheila Ford Hamp, ta fito ta ce tana nan a bayansa, suka ci takwas cikin goman da suka rage a 2022, sannan 12 a 2023, sannan 15 a 2024, da Jared Goff, kwatabak ɗin da Rams ta haɗa da zaɓe ta miƙa don ta rabu da shi. Daga nan kowa ya shiga yabon tarbiyyar Detroit. To amma a cikin shekarun haƙurin nan sun zaɓo Penei Sewell a katanga, Amon-Ra St. Brown a zagaye na huɗu, Aidan Hutchinson a tsaro. Da zaɓen bai yi kyau ba, da maganar cizon gwiwa ce kawai za a riƙa tunawa.

Ɓarnar mugun gida ta fi sauƙin gani. Daniel Snyder ya riƙe ƙungiyar Washington daga 1999 zuwa 2023, gasar ta ci tarar ƙungiyar dala miliyan 10 a 2021 kan yadda ake wulaƙanta ma'aikata, musamman mata, kuma a shekara 24 wasan sili-ɗaya-ƙwale biyu ta ci. Aka sayar da ita dala biliyan shida da ɗoriya. A kakar 2024 sabon kwatabak Jayden Daniels ya ci biyun nan a wata guda. Sai dai mai ƙungiya sabo ne, koci sabo, kwatabak sabo, duk kusan lokaci ɗaya, don haka kowane ɓangare na gardamar na iya cewa nasa ne ya yi aiki.

Pittsburgh ce ke nuna iyakar abin. Daga 1969 zuwa 2025 manyan kociyoyi uku kacal iyalan Rooney suka yi: Chuck Noll, Bill Cowher, Mike Tomlin. Tomlin bai taɓa ƙare kaka da rashin nasara fiye da nasara ba. Bayan kwatabak ɗinsu Ben Roethlisberger ya yi ritaya a farkon 2022 suka yi ta jarraba wannan da wancan, suna ƙarewa da nasara tara ko goma, suna shiga sili-ɗaya-ƙwale ana fitar da su a wasan farko. Gida mai tsari ya hana su faɗuwa ƙasa warwas, hakan kuma ya hana su samun zaɓen sama da ake ɗaukar kwatabak na gaske da shi. Magoya bayansu sun daɗe suna rigima kan ko wannan alheri ne ko tarko.

Me ya sa hasashen Agusta ke yawan cin ƙasa?

Wasannin share fagen kansu ba a yi su don a ci ba. Ƙungiya na shiga sansani da mutum 90, dole ta rage su zuwa 53, don haka waɗanda ke fili yawancinsu masu neman gurbi ne, wasunsu mako biyu bayan nan suna neman wani aikin. Kociyoyi irin su Sean McVay ba sa ma bari taurarinsu su sa hular kwano, kuma babu mai fito da dabarunsa na gaske a gaban kyamara. Kakar ita ma gajera ce. Firimiyar Ingila wasa 38 ce, sa'a na da lokacin da za ta daidaita. A nan yanzu wasa 17 ne, ƙwallo mai tsini biyu in ta faɗi ƙasa ba a san inda za ta nufa ba. Minnesota ta ci wasa 13 a 2022 alhali jimillar makin da aka zura mata ya fi wanda ta ci, domin duk wasanni 11 da aka yi kankankan ita ta tsira. Shekarar da ta biyo ta dawo 7 da 10.

Babban dalilin dai shi ne hasashe suna yake bi. Philadelphia ta tara taurari a 2011, har da Nnamdi Asomugha, ɗan asalin Najeriya, wani ɗan wasansu ya kira su ƙungiyar mafarki, suka ƙare 8 da 8. Denver ta sayo kwatabak Russell Wilson daga Seattle a 2022 aka fara maganar kofi, ta ci wasa biyar, ta kori koci kafin kaka ta ƙare, daga baya ta sallami Wilson ta haɗiye asarar dala miliyan 85 a lissafin albashinta.

Na Jets a 2023 ya fi tsaya wa mutane a rai. Rabonsu da sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 2010, sai ga kwatabak Aaron Rodgers, gwarzon gasa sau huɗu, ya zo daga Green Bay yana da shekara 39. Kyamarorin talabijin suka tare a sansaninsu duk watan Agusta, aka sayo masa tsofaffin abokan wasansa, aka ɗauko amininsa ya zama mai tsara hari. Masu lura sun yi ta cewa katangar ba ta da ƙwari, ba a saurare su ba. Daren 11 ga Satumba ya fito da gudu riƙe da tutar Amurka, filin wasa kamar zai tsage. A yunƙuri na huɗu Leonard Floyd na Buffalo ya zagayo ta gefe ya kai shi ƙasa. Rodgers ya miƙe, ya dubi benci, ya girgiza kai, ya koma ya zauna a kan ciyawa. Agara ta tsinke. Ta leƙo ta koma. Da ya warke ya buga kakar 2024 cikakkiya, wasa biyar suka ci.

Akasin haka ma na faruwa, kuma shi ma ba a hango shi. A Agustan 1999 kwatabak ɗin St. Louis Rams ya ji ciwo a wasan share fage, aka ce kakarsu ta mutu, dama bara wasa huɗu suka ci. Wanda ya maye gurbinsa, Kurt Warner, 'yan shekaru kafin nan jera kaya yake yi a kantin sayar da abinci a jihar Iowa. Ya zama gwarzon gasa ya ɗauki kofi a shekarar.

Akwai abu ɗaya da ake iya lissafawa tun Agusta, amma ba ya daɗin gardama a rediyo: kuɗi. NFL na da iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 255.4 a 2024. A shekarar Dallas ta ba Dak Prescott kwantiragin da ya kama miliyan 60 a shekara. Akantoci na da dabarun shimfiɗa kuɗin zuwa shekarun gaba, amma bashi ne, zai zo. Tun 2011 kuma an ƙayyade albashin sababbin shiga, don haka ƙungiyar da ta dace da yaro mai kyau tana da shekara huɗu ko biyar na araha da za ta cika gidan da ƙwararru. Seattle ta ɗauki kofin kakar 2013 lokacin da albashin Wilson bai kai miliyan ɗaya ba. Matsalar tana ga ɗan tsakiyan nan: in kwantiraginsa ya ƙare, kuɗin 'yan tsiraru zai nema, kuma za a ba shi don tsoron komawa irin yawon Cleveland, sannan kuɗin nasa ya cinye katangar da masu cafe ƙwallon da suka sa ya yi kyau tun farko.

San Francisco ta shiga wannan gwaji da Purdy. Lokacin da ya kai su Super Bowl a Fabrairun 2024, suka faɗi 25 da 22 a ƙarin lokaci, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba, yana kewaye da Christian McCaffrey, George Kittle, Deebo Samuel da Trent Williams, ga koci Kyle Shanahan na tsara hari. Masu kushe shi suka ce ko wa aka sa a wurin zai yi. Masu kare shi suka ce Lance ma a wurin aka sa shi bai yi ba. A 2024 rauni ya kwantar da McCaffrey da wasu, suka ci wasa shida kacal. A farkon 2025 ƙungiyar ta miƙa Samuel ga Washington, ta bar Dre Greenlaw da Talanoa Hufanga suka tafi Denver, Charvarius Ward ya tafi Indianapolis, sannan a watan Mayu ta sa hannu da Purdy a kan dala miliyan 265 na shekara biyar.